Inci Biyu a Gefen Hagu

Yayata tela ce. Shekara ashirin da shida ta yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, daga ita sai keken ɗinki da madubi mai tsaga a kusurwa. Mata kan zo mata daga nesa, don ko yaya jikin mace yake, Yaya za ta yi masa rigar da za ta rufa masa asiri. Mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, mai tumbin haihuwa, kowace sai ta fito tsaf. Ba ta taɓa ce wa mace jikinta ya canja ba. Sai dai ta ce, "Kawo, rigar ce ta yi laifi," ta sa reza ta farke. Ni da bakina ba ya shiru, na sha ce mata wannan ba ɗinki ba ne, ƙarya ce da zare. Takan yi dariya ta ce, "Auta, ai ƙaryar ce ta raine ki."

Wata safiya na ari rigarta zan je ganin malamin ɗana. Jikinmu ɗaya, mun saba. Amma rigar ta ƙi zama, gefen hagu na ƙirji ya yi mini buhu. Na cire na juya cikinta. Sawun allura layi uku, kowanne ya fi na baya faɗi. An lanƙaya soso a gaba, an kuma ɗinka wani ɗan aljihu da tsumma a ciki, tsumman da tabon da sabulu ya kasa fitarwa.

Ban je makarantar ba. Na same ta a shago na rufe ƙofa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Gyara ne."

"Gyaran me? Ɗaga rigarki in gani."

Ta yi mini kallon raini, sannan ta ɗaga. Maman hagu ya kumbura, fatarsa ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kansa ya shige ciki.

Ta ba ni labarin tana gyara zare, kamar na wata take bayarwa. Wata goma sha huɗu da suka wuce ta ji ɗan ƙullutu tana wanka, ba ya ciwo, sai ta share. Da riga ta fara matse ta, ta buɗa rabin inci. Da kan ya shige, ta sa soso. Da ruwa mai jini-jini ya fara fita, ta ɗinka aljihun. Inci biyu ke nan yanzu. Mijinta bai lura ba, 'ya'yanta ba su lura ba, ni da nake cin abinci kwano ɗaya da ita ban lura ba. Da ɗinkinta na banza ne, da tuni mun gani. Wallahi ranar na tsani ƙwarewarta.

A asibiti likita ta duba ta, ta lalubi hammatarta. Aka yi hoto, aka ɗebi 'yar tsoka da allura, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Yaya ta koma kan keke washegari. Ni ce na rame.

Da muka koma, likitar ta jawo kujera kusa da mu, tun daga nan na san babu daɗi. Ta ce sankarar mama ce. Cutar ta kai hammata, kuma ciwon bayan da Yaya ke ɗora wa zaman keke, ita ce ta kai ƙashi. Za a yi magani a rage mata wahala, a ja lokaci, amma ba ta yi mana alkawarin warkewa ba. Na tambaye ta da mun zo tun yana ɗan ƙullutu fa. Ta dube ni ta ce, "Da maganar da muke yi daban ce." Na yi kuka har sai da Yaya ta ce in daina ba ta kunya.

A hanyar gida ta ce mu biya shago. Ta zauna gaban keken ba ta taɓa shi ba, tana kallon yadudduka da mutane suka kawo.

"Auta, kin tuna malamar nan mai tabarau?"

"Wadda ta daina zuwa?"

"Sau biyu na buɗa mata gefe ɗaya. Da matar mai gyaran rediyo. Da wata doguwa, na manta sunanta." Ta dubi tafin hannunta. "Hannuna ya ji, Auta. Na ji abin a ƙarƙashin tef ɗin awo, na yi shiru na gyara musu riga, suka yi ta godiya."

"Ba ki sani ba, Yaya."

"Duk sun daina zuwa," ta ce. "Ni a zatona tela suka canja."