Likitan da Bai Yi Magana Ba

A tashar bas ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya, Sai-Ya-Ce kawai ake kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana jan bas a layi ɗaya, kuma bai taɓa shigowa gida ba labari a bakinsa ba. Matsalar dai, bawan Allahn nan bai iya dunƙule zance ba. In wata mata ta yi cacar baki da kwandasta, sai ya sirantar da murya ya zama matar, ya kumbura wuya ya zama kwandastan, har tsakin da ta ja sai ka ji shi. 'Ya'yansa sun sha roƙonsa ya gajarta, shayi na hucewa. Shi kuwa yakan ce labarin da mutane ba sa magana a cikinsa ai rahoton ofis ne, ba ka san mutum ba sai ka ji yadda ya faɗi abin da bakinsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta daɗe da gano lagonsa. In gaskiya yake faɗa, kowa a labarin yana da baki. In kuwa akwai abin da yake rufewa, sai wani ya zama bebe. Da haka ta kama shi sanda ya koma shan taba a ɓoye. Ba ta taɓa gaya masa dabarar ba, ita ba sakarai ba ce.

Wata Talata kamfani ya tura direbobi gwajin ido. Ya dawo da yamma, ya baje a kujera ya fara. Ya yi maigadin asibiti mai magana ta hanci. Ya yi nas ɗin da ta karanta sunansa a karkace. Ya yi wani tsoho a layi da ya rantse allon haruffan ne ya dushe, ba idonsa ba. Da ya zo kan likita, sai ya ce an duba shi, komai lafiya lau, ya miƙa hannu ya ɗauki kofi.

Inna ta ɗago ta dube shi. Maigadi ya samu baki, likita sukutum bai ce uffan ba?

Daga nan ta sa masa ido. Ta ga ya ajiye kofin rabinsa a kan tebur, rabinsa a iska. Ta gwada shigowa ta hagunsa, bai san ta zo ba sai da ta yi gyaran murya. Ta lalube aljihunan rigar aikinsa, babu takardar asibiti. Kwana uku tana kallonsa yana fita ya ɗebi mutum sittin a mota, tsoro da haushi na cin ta.

Rana ta huɗu da safe, yana ɗaure igiyar takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta tambaye shi likitan nan babba ne ko yaro. Ya ce matashi ne. Da tabarau? Da tabarau.

"To yi min muryarsa, Malam."

Ya yi dariya, ya ce zai makara. Ba ta gusa ba. Can ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sassauta murya, ta fito a hankali cike da ladabi, irin ta ɗan mutane:

"Baba, idon hagu ya riga ya tafi. Na daman za mu yi ƙoƙari mu riƙe shi, amma ba a kan sitiyari ba. Takardarka za ta je kamfani ƙarshen wata."

"Kai kuma sai ka ce me?"

"Sai na ce…"

Ta jira. Mutumin da ya iya muryar rabin gari ya kasa yin tasa. Inna ta durƙusa a gabansa, ta kwance masa igiyar takalmin.