Kukan Goggo Nereida Ya Samu Albashi

Goggona Nereida kuka take sayarwa. A unguwarmu ta bayan kasuwar Cartagena, in mutum ya mutu kuma danginsa ba su isa su cika ɗaki ba, ita ake kira ta zo da baƙar rigarta ta raya makoki. Da wannan ta ciyar da ni har na tsere daga makaranta na hau acaba. Sai zamani ya juya, yanzu a ƙona gawa da safe, a watse kafin kofi ya huce. Goggo ta zauna ba mai kira, ga hawan jini, ga babu katin asibiti.

Ni na kawo labarin. Wata nas da na sauke a asibitin koyarwa na jami'a ta ce ana neman masu kwaikwayon rashin lafiya, ɗaliban likitanci su riƙa koyo a kansu. Albashi duk wata, har da katin magani.

"Goggo, ƙarya za ki yi a biya ki. Sana'arki ce tun ina rarrafe."

"Ka ci gidanku, Yeison. Ni ban taɓa kukan ƙarya ba, hayarsa nake bayarwa."

Ranar gwaji, Farfesa Ospina, wata doguwar mace mai tabarau, ta ce wa Goggo ta kwaikwayi ciwon ciki, ɗan kaɗan. Goggo ba ta san kaɗan ba. Ta dafe cibiya, ta kurma ihu, ta kira Uwa Maryama da duk waliyyan da ta sani, ta zube ƙasa. Ɗalibin da zai duba ta ya manne da bango. Ma'aikata suka shigo a guje da gadon ɗaukar majinyaci. Ni kuwa ina bakin ƙofa, dariya na neman kashe ni.

"Mun gode, Mama," in ji Farfesa. "Mara lafiya muke nema, ba girgizar ƙasa ba."

Goggo ta miƙe ta kakkaɓe siket. "Ni fa ciwo ba fannina ba ne, Likita. Ki gaya mini wa ya mutu. Kukan miji daban, na suruka daban, na ɗa kuwa ba a jin sautinsa."

Farfesa ta tsaya cak. Ashe akwai darasin da ya daɗe yana ba ta wahala, wato koya wa ɗalibai yadda ake sanar da dangi mutuwa. Ta dubi ɗalibin. "Gaya mata ɗanta bai tashi daga tiyata ba."

Ya faɗa yana in'ina. Goggo ba ta yi ihu ba. Ta zauna a hankali, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Kun rufe masa ƙafafu? Ba ya son sanyi."

Ɗalibin ne ya fashe da kuka.

Yanzu Talata da Alhamis nake kai ta, katinta rataye a wuya kamar lambar yabo. 'Ya'yan da suka mutu mata a ajin nan sun isa su cika unguwa, jininta kuma ya sauka. In na ɗan murza babur sai ta ranƙwashi hular kwanona: "Rage gudu, ɗan banza, ma'aikaciyar jami'a ka ɗauko."