Ranar da Na Ƙi Rage wa Kawu Hanya

Ko zan manta komai na shekarar korona, ba zan manta da ranar da na bar kawuna tsaye a bakin titi, cikin rana, da azumi a bakinsa, alhali motar da nake tuƙawa wayam take ba kowa. Har gobe idan na bi ta wurin sai na kawar da kai.

A lokacin ni ne direban motar ɗaukar marasa lafiya ta wani asibiti a yankin Ajingi. Tsohuwar bas ce aka cire kujeru aka sa gado, babu abin da ya raba ni da majinyaci sai labule. Duk wanda aka ga yana tari da zazzaɓi yana haki, ni zan kai shi Kano. Idan na dawo kuwa, doka ce, ko kaza ba za ta shiga motar ba sai na wanke ta. In haɗa ruwan kulorin a bokiti, in goge gado da katifar leda, hannayen ƙofa, sitiyari, giya, har madannin gilas. In buɗe ƙofofi ta sha rana, sannan in tuɓe rigar leda da safar hannu in yi wanka a bayan asibiti. Ni kaɗai nake yi, don ba mai matsowa.

Kaɗaici kuwa na sha shi. A zaure nake kwana, maiɗakina ta ajiye min kwano a bakin ƙofa ta ja da baya. Abokan ciyayyarmu na ƙofar gida, waɗanda muke tsoma hannu a kwano ɗaya tun muna samari, da sun hango ni sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ban ga laifinsu ba, amma wallahi abin ya yi min ciwo.

Ranar da nake ba ku labari, na kai wani dattijo da ya yi ta tari tun daga Ajingi har Kano. Nas ɗin da muka tafi tare ya tsaya can, na juyo ni kaɗai. An hana zirga-zirga, titi fayau. Na wuce Gaya kenan na hango wani tsoho da sanda yana ɗaga min hannu. Tun daga nesa na gane tafiyar. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Gafasa bayan rasuwar babana, ya sayar da gyaɗarsa ya kai ni koyon tuƙi. Ashe ta'aziyya ya je Gaya, ya rasa abin hawa.

A wajenmu, ka wuce mutum a hanya da mota ba kowa, abin kunya ne ko bare ne, balle kawunka. Na tsaya ɗan nesa da shi, na danna makullin ƙofa. Ya ƙaraso yana murmushi, ya kai hannu zai kama ƙofar.

Na daka masa tsawa: "Kawu, kada ka taɓa!"

Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya janye hannu, ya tsaya yana kallona ta gilas.

Na ce, "Mai ciwon nan na kai, ban wanke motar ba. Ka yi haƙuri ka zauna a inuwa, yanzu zan turo maka mai babur."

Ya ce, "Au, ni ne zan ɓata maka mota? To, Allah ya ba da sa'a. Jeka abinka."

Na rantse, na roƙe shi, ya juya min baya. Na ja mota ina kallonsa ta madubi yana ƙanƙancewa, hawaye ya jiƙa min takunkumi. Mai babur ɗin da na kira ya same shi, amma Kawu ya ce ba zai hau ba. Da ƙafa ya ƙarasa.

Kafin Sallah zancen ya gama Gafasa, wai motar gwamnati ta sa min girman kai. In kira wayarsa, ya ƙi ɗauka. Na aika masa da shadda ta Sallah, aka dawo min da ita ko buɗe ledar ba a yi ba. Wannan ya fi gudun da abokaina suke yi min zafi.

Da damina ta faɗi aka ce in je Gafasa in ɗauko wani tsoho mai haki. Ina tsayawa na ga ƙofar gidan da na tashi ce. Ni da nas muka kwantar da Kawu a gado, ya buɗe ido ya gane ni duk da rigar leda.

Da ƙyar ya ce, "An wanke ta?"

Na ce, "Da hannuna, Kawu."

Muka yi nisa yana ta tari. Da muka zo daidai inda na taɓa barinsa, na ji muryarsa ta bayan labule: "Ɗan nan, in ka sauke ni ka juyo, ko wa ya ɗaga maka hannu kada ka tsaya. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ita ce maganarmu ta ƙarshe, don bai dawo daga Kano ba.

Ranar da na kai shi, ina wankin mota na tsinci carbinsa a ƙarƙashin gado. Na so in sa shi a aljihu yadda yake, amma na tsoma shi a bokitin kulorin tare da komai, ina kuka kamar yaro. Yana nan wurina, ya koɗe.

Inda Kawu ya ɗauki ciwon, Allah ne masani. Abin da na sani, ba a motata ba ne, kuma da wannan nake samun barci. Tun daga nan na gane cewa wani lokacin kyautatawar da za ka yi wa naka ita ce ka hana shi abin da yake so, ka haƙura da fushinsa, ko da kai kaɗai za ka rage a zaure.