Gwangwani Goma Sha Huɗu na Habu Mai'awo

Shekara tara ke nan da rasuwar Habu Mai'awo, kuma har yau uwa ba ta haifi wanda zai karya tarihin da na kafa a Garuwa ba. Gwangwani goma sha huɗu na nemo a yini ɗaya, daga asuba zuwa magariba, ba na'ura a hannuna, ba takarda a aljihuna, sai babur da wannan tumbin nawa da ake ganinsa tun daga ƙetaren Binuwai. Ni Tanko dillalin shanu, in ka ɓoye allura a kasuwar dabbobi ranar Lahadi, kafin ka gama shan furarka na miƙo maka ita da zarenta. Haka nake faɗa a majalisa, a yi dariya, a tafa min. Abin da ba na faɗa shi ne dalilin da ya fitar da ni ranar.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in yi bayani. Habu ma'aikacin wani kamfanin auduga ne, aikinsa auna gonaki da wata na'ura mai kama da ƙaramar rediyo, wadda ke gaya wa mutum daidai inda yake tsaye a bayan ƙasa. GPS sunanta. Wani Bature abokin aikinsa ya ba shi labarin cewa a ƙasashensu manya da hankalinsu suna ɓoye akwati a daji, su ba da lambobin wurin, wasu su fita nema. Habu ya dawo da abin unguwarmu Djamboutou kamar ya tsinci zinariya. Ya samo gwangwanayen madara, ya sa wa kowanne ɗan littafi da fensir, da wani abu maras tsada, maɓalli ko kwalbar turare. A shafin farko na kowane littafi ya rubuta doka da hannunsa, ya sa sunansa: in ka samu, ka rubuta sunanka da rana, in ka ɗauki abu, ka bar abu, ka mayar da gwangwani inda ka same shi.

Mu goma sha biyu muka shiga, mahauta da 'yan tireda da malamin makaranta guda. Matanmu suka ce tsufa ne ya zo mana da sabon salo. Duk shekara bayan an gama cirar auduga sai a yi gasa, a raba lambobi bayan sallar Juma'a, wanda ya fi samu ya tafi da kofin roba da tiren kilishi. Sau huɗu ina ci. Na taɓa maƙalewa a kogon wata kuka a hanyar Pitowa, sai da Fulani uku suka ja ni ta ƙafa, ɗayansu yana tambayata ko aljanun ciki sun ba ni amsa. A littattafan nan muka zuba shekara shida na shirme: ba'a, tsokana, zanen tumbina, waƙar da malamin makaranta ya yi wa kunamar da ta harbe shi. Duk mai ido da ya buɗe ɗaya zai san wasan tsofaffin banza ne.

Sai zamanin bama-bamai ya zo. Can arewa da mu abin yake tashi, amma tsoron ya sauko har nan. Ko leda aka yar a tasha sai mutane su watse. Muka ce wa Habu a dakata. Ya ce idan aka daina wasa saboda mahaukata, to mahaukatan sun ci gasa ba su nemo komai ba. Wata safiya 'yan banga suka same shi durƙushe a ƙarƙashin wata kwalbati kusa da kasuwa, yana ɗaure gwangwani da waya don kada ruwa ya tafi da shi, na'ura na ƙiftawa a gefensa, aljihunsa da takarda cike da lambobi. Suka miƙa shi ga jami'an tsaro. Ban taɓa ganin laifin waɗanda suka kama shi ba. Ni ma da na ga haka ga baƙo, ihu zan yi.

Laifin da nake gani na shagon Alhaji Sale mai yadi ne, inda muka taru da azahar ɗin ranar, mu sha ɗaya, aka ja ƙofa. Ba wanda ya ce mu tashi mu je mu yi bayani. Ko mutum ɗaya. Alhaji Sale ya ce, "Jama'a, sunayenmu suna cikin gwangwani goma sha huɗu. Da sunan ubanmu, da ranar da muka je. In suka bi lambobin nan, gobe dukanmu muna ciki." Wani ya ce a kwashe gwangwanayen. Malamin makaranta, mai ilimin cikinmu, ya ce a'a, in aka je ba a samu komai ba za a ce an ɗauke bam ɗin ne. A bar gwangwani, a cire shafuka. Sai aka tambaya wa zai iya zagaye su duka a yini ɗaya ba tare da na'ura ba. Ido ashirin suka juyo kaina.

Ku ji abin kunya: daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji. An yarda ni ne gwani.

Washegari na yi abin da nake taƙama da shi. Na yage kowane shafi mai sunanmu, na bar shafin farko, mai doka da sunan Habu shi kaɗai. Kwana uku bayan haka, Habu ya shawo kan masu tsaronsa. Ya ce musu wasa ne, su kai shi, za su ga littattafai, za su ga sunayen mutanen kirki na gari, su tambaye su. Suka sa shi a mota suka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri su ja da baya, su sa shi ya buɗe da hannunsa. Sau goma sha huɗu yana buɗe littafi a gabansu yana samun sunansa da gurbin shafukan da aka yage. Ku gaya mini, in ku ne masu bincike, me za ku ce? Mutum ya ce yana da abokan wasa, ga alama an bi sawu an goge su.

Shekara ɗaya da wata biyu ya yi a tsare. Lauyan da iyalinsa suka samo ya bi mu shago shago yana neman mutum biyu kacal da za su tsaya su ce sun san wasan. Alhaji Sale ya ce shi gaisuwa ce kawai ke haɗa shi da Habu. Malamin makaranta ya nemi canjin wurin aiki. Ni kuwa na tafi sayen shanu Tcholliré, na yi sayen shanun da ba a taɓa yin mai tsawonsa ba tun da aka halicci saniya. Shafukan suna cikin buhun gishirin dabbobi a rufin ɗakina, ban ƙona su ba. Duk Juma'a in ce mako mai zuwa zan kai. Juma'a sittin na yi ina faɗar haka.

Da aka sake shi don ba a samu komai ba, ya fito da tari da ƙafafu kumburarru. Sau ɗaya muka haɗu, a bakin mahauta, ban samu lungun shiga ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe.

"Tanko, duka sha huɗun?"

Na ce, "Duka."

"A yini ɗaya? Har da na kogon kuka?"

"Har da shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Tun a na uku na san kai ne. Da na ga na kuka ma an taɓa, na ce shi ke nan, ba mai shiga nan sai mai tumbi." Ya saki hannuna ya wuce. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Bayan wata biyar muka kai shi makwancinsa, ina can sahun baya, kuma ban taka gidansa gaisuwa ba.

To me ya tayar da ni yau? Wasan ya dawo. Samari da 'yan mata sun ɗauke shi, kowa da na'urarsa a cikin waya, suna zuwa a gaya wa mai unguwa kafin a ɓoye komai. Na san Habu zai so wannan. Zai bi su da sandarsa yana musu gardama cewa wurin ɓuyansu ya yi sauƙi, makaho ma zai samu. Zai yi murna da ganin har yanzu dokarsa ce suke kwafa a shafin farko, kalma da kalma, ko da yawancinsu ba su san mai ita ba. Wannan ne ya rage nasa, kuma ba kaɗan ba ne.

Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne ƙyallen da aka rataya a ƙofar shagon Alhaji Sale: gasar bana ta tunawa da Habu ce, da hotonsa, da huluna masu sunansa. Alhaji Sale ne uban gasa. A taron shiri na ji shi da kunnena yana gaya wa yaran nan cewa lokacin da jarrabawa ta samu marigayi, ƙungiya ta tsaya da shi tsayin daka. Aka tafa. Mutumin da gaisuwa ce kawai ke haɗa su! Tsayin daka a ina? Mun tsaya dai, a bayan ƙofa, da sakata. Mun bar mutum ya ruɓe a ɗaki don kada a tambaye mu sunan ubanmu, yanzu kuma muna so mu ɗinka huluna da fatarsa. Ina jin haushin Alhaji Sale, ina jin haushin sauran 'yan ƙungiyar nan da suka sunkuyar da kai suna tafi, amma duk in na tara haushin sai in ga ba a shagon aka yage takarda ba. Su shawara suka yi. Hannun nawa ne.

Shi ya sa na rubuta wannan, don yaran su san wa suke tunawa, su kuma san su wa ke raba musu hula. In za a yi gasar, a yi. Amma a fara da karanta sunayen da ke cikin shafukan nan, nawa a gaba, tunda ni na fi kowa yawan sa hannu.

A ƙarshen taron shirin nan aka ce ana son na'urar Habu a ajiye ta a kan tebur ranar gasa, a aiki wani wurin matarsa, Hajiya Asabe. Ido suka sake juyowa kaina. Wannan karon na sauko da buhun gishiri, na zazzage shafukan, na tafi da su.

Ta karɓe ni a zaure. Na ajiye su a gabanta, na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Ta ce ta sani, shi ya gaya mata, ya kuma hana ta faɗa wa kowa. Ta daɗe tana juya takardun, ta tsaya a kan zanen tumbina, na ga bakinta ya motsa kaɗan. Ta ce shafukan za su zauna wurin 'ya'yansa. Na'ura kuwa ba za ta bar ɗakinta ba, a gaya wa Alhaji Sale in yana so ya zo da ƙafarsa ya tambaya.

Na miƙe ina neman takalmina, da yake baki ya saba, sai na ji ina cewa ai ko ba na'ura ni ba abin da ke ɓace mini a garin nan.

Ta ce, "Haka marigayi yake faɗa, Alhaji Tanko. Shi ya sa nake mamaki. Gidan nan a bakin titi yake, ba wanda ya ɓoye shi, amma shekara tara ka yi kafin ka same shi."