Takalman Dudung

Mang Entis ya tsufa yana tatsar shanu a Pangalengan da silifas, kamar ubansa. Ranar da maƙwabcinsa Dudung ya sayo dogayen takalman roba masu ƙarfe a baki, Entis ya kasa zaune ya kasa tsaye.

"Jama'a, ku ba soja hanya, zai je tatsa!" in ji Entis a wurin kai madara.

Matarsa Imas ta ce, "Akang, maigidana, kai ma ka saya mana."

"Yanzu? In rufe me?"

Ba takalman ne ke ci masa rai ba. A ƙofar masallaci Dudung kan cire su, yatsun ƙafarsa goma cif. Na Entis kuwa, tuntuni saniya ta take biyu, likita ya yanke.