Gwaggo Nuriyya Tiranzit da Gurbin da Ta Ƙi Cike Mini

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, ga shi ya kira ɗaya daga cikinmu. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, ana yayyafi, lasifikar masallacin unguwarmu ta Zongo a birnin Lome ta sanar da rasuwar Hajiya Nuriyya Aboubakar, gwaggon mijina, bayan gajeriyar jinya. Mai sanarwa ya faɗi cikakken sunanta, unguwa ba ta motsa ba. Sai da ya sake cewa, "Nuriyya Tiranzit," sannan salati ya tashi daga gida zuwa gida.

Gwaggo, da kina ji, da kin yi wannan murmushin naki na gefen baki. Ke kika fara gaya mini cewa a Zongo sunan yanka ba ya isar mutum, sai an liƙa masa sana'arsa: Audu mai walda, Meimuna mai koko. Kika ce da wannan sunan ake neman mutum yana raye, da shi ake sanar da tafiyarsa. Naki aikin shi ne fito da kayan 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa, ki cike takardu, ki yi ta kai-kawo tsakanin jami'an duwan, wato kwastan, har kwantena ta hau mota. Kin fara shi a zamanin da mace ba ta shiga wannan fagen, kika daɗe a ciki har sunansa ya zama naki.

Direbobin manyan motoci na Maraɗi da Ƙonni sun san ƙofar gidanki. Idan kaya suka makale, jira ya yi tsawo, daga gidanki ake kai musu tuwo ranar Juma'a. Wanda zazzaɓi ya kama a bakin tasha, a zaurenki yake jinya har ya miƙe. Amma wannan taushin zuciyar ba ya bin ki zuwa kan takarda. Kowa ya san labarin alhajin da ya nemi ki rubuta gwanjo alhali atamfa ce a ciki. Kika tura masa takardunsa, kika ce abin da ke cikin kwantena shi ake rubutawa. Ya fita yana faɗa. Da shekara ta zagayo ya dawo da kansa, ya zauna a kujerar nan dai.

Ni kuwa na shigo danginku amarya, rabin akwatina littattafan soyayya. Mata suka yi ta dariya. Ke kaɗai kika tambaye ni me ke cikinsu. Daga nan ya zama al'ada, bayan la'asar in zo gidanki, kin dawo aiki kin tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, ina karanta wa matan gida. Na Faransanci in juya musu da Hausa, na Hausa da ake kawowa daga Kano in juya wa maƙwabciyarki Afi da yaren Mina. Kina nuna kamar ba ki sauraro. Amma da zarar na tsaya shan ruwa sai ki ce, "To, ya aure ta ko bai aure ta ba? Ni dai wannan mutumin ban yarda da shi ba."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a bana, shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda nake karatun gudanar da kasuwanci. Malaminmu ya umarci kowa ya buɗe shafinsa a dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, domin a can kamfanoni ke zaƙulo ɗaliban da za su ɗauka sitaj, wato koyon aiki na 'yan watanni. Hoto bai ba ni wuya ba, haka suna da makaranta. Gurbi ɗaya ne ya tsaya mini, na fannin aiki. Jeri ne mai tsawo, ɗaya tak ake zaɓa, kuma da shi kamfani ke bincike. Wanda ya bar shi fayau, sunansa ba ya fitowa. Ƙarshen Mayu ake rufe ɗauka.

Duk littafin da na gama, sai in canza gurbin. Jarumar wannan ma'aikaciyar banki ce, na zaɓi banki. Ta gaba tana yawo ƙasa-ƙasa, na koma jiragen sama. Ban san ɗanki Samir ya buɗe wa ofishinki shafi a dandalin ba, kina ganin komai. Wata rana ina tsakiyar karatu kika ce, "Afra'u, makon jiya kina banki, yau kina sama. Jibi ina za mu aika a same ki?" Matan gida suka kwashe da dariya.

A lokacin wan mijina, Yaya Ɗan'azumi, ya riga ya yanke tasa shawarar: in rubuta ciniki, in gama makaranta in zauna a shagon dangi na kasuwar Assiyéyé. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. A ganinsa wadda ba ta san inda ta nufa ba, gara a ba ta kujera. Mijina Abdulƙahhar ƙane ne, bai iya musa masa ba. Na san idan Mayu ya wuce ban samu sitaj ba, maganar Yaya ta zauna. Na zo miki ido ya cika, na ce Gwaggo, ki zaɓa mini. Kika ce, "Ni ba na cike takardar kwantenar da ban buɗe ba. Goge abin da kika sa. Littafi Juma'ar aiki yake nuna miki, kowa da sabon ɗinki. Ni zan nuna miki Talatarsa."

Haka aka yi. Kowace Talata ki tare mana 'yan zem biyu, wato 'yan acaɓa, babur ɗinki a gaba, nawa a baya. Kika kai ni wani otal a Baguida, na wuni kusa da mai karɓar baƙi, tana tsaye kan dogon takalmi tana murmushi ga mai zaginta. Kika kai ni wurin masu sayar da tikitin jirgi a Adidogomé, na ga babu wanda ya taɓa tashi sama a cikinsu. Ba ki yi wa Yaya rashin adalci ba, har shagon Assiyéyé kika zaunar da ni, kika ce sana'ar da ta raini mijina ce, in dube ta da mutunci. Duk inda muka fito ba ki tambayata ko ya burge ni. Tambayarki ɗaya ce: "Kin duba agogo a ciki?" Kullum amsata ita ce na duba.

Talatar ƙarshe ofishinki muka je. Wani direba mai suna Jumare ya shigo ransa a ɓace, an riƙe masa mota, an ba shi takarda da Faransanci, mai ajiyar kayan kuma Mina kawai yake ji. Duk harsunan nan kin fi ni iya su. Amma kika dafa wuya kika ce maƙogwaronki na ciwo, Afra'u ta shiga tsakani. Na shiga, na fara juya musu maganar. Can na ga fuskar Jumare ta saki, ya gane lambar mota aka rubuta ba daidai ba, ba laifi ake ɗora masa ba. Wasu direbobin suka matso da nasu takardun. Ban ankara ba sai kiran la'asar na ji. Muna fitowa kika ƙwala wa ɗan zem kira daga tsallaken titi da muryar da ta tayar da tantabaru. Ranar ba ki tambaye ni agogo ba.

Duk da haka ban cike gurbin ba. Da na je duba ki asibiti kika tambaye ni, na sunkuyar da kai. Kika ce, "Kin sani sarai. Kunya kike ji don babu jarumar littafin da ke wannan aikin." Maganar ƙarshe kenan da ta shiga tsakaninmu.

Zaman makokinki ya tara mutanen da ban taɓa gani a tabarma ɗaya ba: jami'an duwan da Faransancinsu, abokan aikinki da matan kasuwa masu jin Mina, direbobi daga arewa, ga tsofaffin gidanmu da Hausa kaɗai suke ji. Kowa da labarin alherinki a bakinsa, babu mai isar da shi ga waɗanda suka fi buƙatar ji. Na zauna tsakani. Wuni guda ina ɗaukar kuka daga wannan harshe ina sauke shi a wancan, kuma a nan na ji rabin abubuwan da kika yi ba ki taɓa faɗa ba. Washegari wasu baƙi suka iso ina madafa, sai na jiyo muryar Yaya Ɗan'azumi daga zaure: "Ku kira mini Afra'u tafinta."

Gwaggo, Zongo ta liƙa mini suna, kuma daga bakin wanda ya tanadar mini kujera a shago ya fito. Bayan addu'ar uku na buɗe shafin, Abdulƙahhar na zaune gefena, na gangara jerin har na iso fassara da tafinta, na danna. Ban sani ba ko wani kamfani zai kira ni kafin wata ya ƙare. Idan ba su kira ba, na san hanyar tasha, na san akwai masu jira da takarda a hannu. Littattafaina kuma ban daina ba, na gama wani shekaranjiya, gurbin yana nan yadda na bar shi.

Ya Allah, ga baiwarka Nuriyya ta zo maka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta ƙi rubuta ƙarya a kan kayan mutane, ka miƙa mata littafinta a hannun dama. Yadda ta sauƙaƙa wa matafiya jira, ka sauƙaƙa mata tsayuwar hisabi, ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Samir da Ruƙayyat, da Yaya Ɗan'azumi da mijina da dukan zuriyar Malam Aboubakar, da Afi da ta rasa maƙwabciya, da direbobin da za su zo ƙofar nan ranar Juma'a. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Ranar da lasifika za ta kira nawa sunan, Allah ya sa abin da za a liƙa masa gaskiya ne.

Afra'u Tafinta,
Zongo, Lome.