Gyaran Kotun da Alhaji Mamman Bai Yarda da Shi Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Alhaji Mamman Damagaram. A zamaninsa, idan wani namu yana da shari'a a ƙaramin garin da suke zaune kusa da Lyon, ba ya shiga kotu shi kaɗai. Yau daga shi sai lauyansa, in ma ya samu.

Tsohuwar kotun tana bakin kasuwa, ginin dutse ne da ya girmi kakan duk wanda ke cikinsa. Rufinta na yoyo, matakalarta ta lotsa saboda sawu, tantabaru sun mamaye ginshiƙanta. Amma daga teburin da Alhaji ke sayar da yadi zuwa ƙofarta, ko shayin hannunka ba zai huce ba. A kan haka al'adar rakiya ta kafu. Ranar shari'ar ɗan'uwa, rigimar haya ce ko ta takardun kasuwa, sai Alhaji ya bi tebur-tebur: "Ku rufe da leda, mu je mu dawo." A jeru a bayan mutum cikin rigunan Juma'a. Bai taɓa cewa hakan na juya hukunci ba. So yake alƙali ya ga wannan mai mutane ne, mai shari'ar kuma muryarsa ta daina rawa.

Na zo daga Paris ziyara a shekarar da aka kafa ƙarafa aka lulluɓe ginin, lokacin da ake ta rufe ƙananan kotuna a Faransa. Aka ce shari'u za su koma Lyon kafin a gama aiki. Wata jami'ar ofishin magajin gari tana raba hoton yadda ginin zai koma.

"Na ɗan lokaci ne," in ji ta.

Alhaji ya daɗe yana duban hoton. "Madam, na ga fitilu, na ga kujerun baƙi. A ina masu ƙara za su jira?"

Ta yi murmushi, ta ce ana nazari.

Malam Haruna mai takalma ya tuntsire da dariya. "Kai Alhaji! Ko masallaci aka ce za a yi wa fenti, sai ka ce da wata a ƙasa."

"Haruna, marar lafiya da gawa duk wanka ake yi musu. Ni dai ban ga an kira likita ba."

Ni ma jikina bai ba ni ba. Na ga irinta a Istanbul da Alƙahira: a gyara tsohon masaukin fatake, a gama, fataken ba su dawo ba, sai masu ɗaukar hoto.

Alhaji ya yi ƙoƙarin kai rakiya har Lyon. Da fari mota ta cika. Amma tafiyar da ke cin hantsi ɗaya ta koma cin wuni guda, tebur kuma ba ya jira. Aka dinga raguwa har ya zama shi kaɗai ke hawa jirgin ƙasa, da ciwon gwiwarsa. Ya rasu ba a yaye wa ginin lulluɓi ba.

Bana na koma. Gaskiya aikin ya yi kyau, dutsen ya yi fari tas, an fito da zanen rufin da hayaƙin shekaru ya binne. Ana wasan kiɗa a babban zauren, an kewaye kujerar alƙali da jar igiya don 'yan kallo. Da Alhaji yana nan zai yaba wa magina, don ba ya tauye wa mai aiki haƙƙinsa. Sannan ya tambayi abin da har yau ba wanda ya amsa mini: an yanke shawarar rufe kotun ne bayan an kafa ƙarafan, ko tun kafin?

Malam Haruna ya ce har yanzu in wani yana da shari'a akan tsaya a teburin mai shari'ar a yi masa addu'a, wannan daga Alhaji ya samo asali. Allah ya jiƙansa. Amma kotun ba ta dawo ba, rakiya kuma ta ƙare.